Iya Mero da Amshin Kamila

Iya Mero ta karkata butar a kan bokitin yakuwa, ruwa ya fara sauka, ta buɗe baki a hankali:

"Ruwa ya ɗauke, Kamila,
Fito ki ga hanya."

Daga nan ta yi shiru. Kanta bai daina kaɗawa ba, babban yatsan ƙafarta yana ta taɓa simintin baranda, idonta a kan ganye amma kunnenta kamar yana wani ɗaki. Can nesa jirgin ƙasan cikin gari, LRT, ya taso daga tashar Wangsa Maju ta nan Kuala Lumpur ya wuce da ƙararsa ta ƙarfe. Sai da ta gama da yakuwa ta matsa kan attaruhu, sannan ta sake ɗaukar layi biyun nan daidai inda ta ajiye su. Ta kuma yin shiru.

Haka take yi kowace safiya. Mu da muke hawa ɗaya da ita mun saba, har maƙwabciyarta 'yar Malay, wadda ba ta jin ko sannu da Hausa, takan bi karin da hanci in tana shanya.

A Gwammaja aka haife ta, a Kano. Yayanta Maitama ma'aikacin masaƙa ne, amma ranar Asabar da yamma shi da abokansa suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, irin na daɓe da ake yi a gaban mutane kafin bidiyo ya zo ya kwashe 'yan kallo. Zauren wata makarantar firamare suke ara. Labulensu zannuwan gado ne aka haɗa da keken ɗinki. In an ja shi don a sauya kujeru, a mai da kotun alƙali ta koma rumfar mai shayi, 'yan kallo ba sa haƙuri: fito, ihu, jifa da ɓawon gyaɗa. Saboda haka sai Maitama ya fito gaban labule da mai kalangu da 'yan mata uku, ya riƙe mutane da waƙa har a gama. Shi yake bayarwa, su suna amsawa. Mero ce ƙaramarsu, kuma mahaifinsu ya yarda ne kawai don yayanta zai kai ta ya dawo da ita kafin magariba.

Cikin waƙoƙinsa ta Kamila ce ta fi fita. A wasan, Kamila matar wani direba ce da damina ta tsare shi a hanyar kudu, ita kuma ta rufe kanta a ɗaki ta ƙi magana da kowa. Akwai shekarar da masu kai amarya suka ɗauki waƙar, masu tallan dafaffiyar masara ma suka ɗauka, har aka daina sanin daga ina ta fito. Maitama yakan ji ta a cikin bas, ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya biya kuɗin motarsa ya sauka.

Mero ta yi aure da wani malamin makaranta, ta bar gaban labule ba tare da wani baƙin ciki ba. Ta haifi 'ya'ya, ta yi ɗinkin hula shekara da shekaru, ta yi jinyar mijinta har Allah ya ɗauke shi. Masaƙa ta rufe, ƙungiya ta watse, Maitama ma ya rasu. Kaset ɗaya tak aka taɓa ɗaukar muryarsa a kai, wani ya ara bai dawo da shi ba. Da ɗanta Bahauddeen ya gama digirinsa na uku a Kuala Lumpur aka riƙe shi koyarwa, sai ya ɗauko ta. Shi ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunansa. Dakta take ce masa, ko a gaban baƙi ko in tana faɗa.

'Yarsa Khaulah a goye aka kawo ta ƙasar nan. Hausa tana jin ta sarai, amma rabin amsarta da Turanci take fitowa, da ɗan barbaɗen Malay. Tun tana firamare ta kama fiyano, kuma bayan doguwar ja-in-ja da babanta ta shiga wata kwaleji a unguwar Setapak tana karatun kiɗa. A can ita da 'yan ajinta uku suke buga jaz, kiɗan nan da makaɗa za su ɗauki tsohuwar waƙa su fara ta yadda kowa ya san ta, sannan kowannensu ya yi yawo da ita yadda ransa ya ba shi, a ƙarshe su dawo gida tare.

Wata Lahadi da hantsi suna zaune a falo, Bahauddeen yana cin roti, gurasar nan ta Indiyawa, da ya yo tapau, wato ya sayo a ƙunshe, daga shagon abinci na mamak a ƙasan bene, Khaulah ta zo ta durƙusa gefen kakarta da waya a hannu.

"Iya, zauna da kyau lah, ki ji wani abu."

"Ke ƙawata, in rawa ce yau ba ni da ƙugu."

Khaulah ta danna. Fiyano ya fara, a hankali kamar ɗigon indararo bayan ruwa, kuma tun kafin a kai ƙarshen layin farko Iya Mero ta gane Kamila. Ta dafe ƙirji. Leɓenta ya fara motsi. Fiyanon ya kai "fito ki ga hanya", ya tsaya, ita ma ta tsaya kamar kullum. Sai wani abin busa mai kaurin murya ya shigo cikin wurin, ya hau sama, ya gangaro, ya yi ta zagaye kamar ɗan kasuwa da ya sami rumfa babu mai ita.

Fuskar tsohuwar ta sauya.

"Wane ne wannan?"

"Tajuddeen, ɗan ajinmu. Ɗan Ipoh ne. Saksofon yake busawa."

"Ban tambaye ki garinsu ba. Wa ya ba shi wurin nan?"

"Wane wuri, Iya? Ai babu komai a wurin. Shiru kike yi."

"Shiru?" Iya Mero ta dube ta daga sama har ƙasa. "Wurin Yaya Maitama ne. Ni amshi nake yi. Ke duk shekarun nan kin ɗauka waƙar ke nan?"

Haka kuwa ta ɗauka. Tun tana jaririya layi biyu take ji, sai dogon shiru, sai layi biyu. Har ta tsaya a gaban aji ta yi bayani cewa waƙar Hausawa tana da shiru mai tsawo a cikinta, malamarsu ta rubuta a allo ta ce abin sha'awa ne. Da Khaulah ta faɗi haka, Bahauddeen ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Iya, Allah ya ba ki haƙuri," in ji shi bayan ya gama tari. "Amma fa waƙar jiran labule ce. Da ta manyan makaɗan fada ce, ko ta malamai masu zama su auna baiti, sai a ce an taɓa wani abu. Kawu Maitama, Allah ya ji ƙansa, hana mutane jifa yake yi."

"Kai Dakta, a cikin waƙoƙin manyan nan da kake faɗa, wacce aka goya ka da ita?"

Ya koma kan rotinsa. Khaulah ce ta karɓe, da Turanci mai sauri, tana juyawa daga babanta zuwa kakarta. Ta ce yawancin waƙoƙin da ake koya musu a kwaleji, don wasan dandamali aka yi su a Amurka tun zamanin kakannin kakanni. Masu tsara su mutane ne da ake ba su aiki a ce a kawo kafin ranar buɗe wasa, kuma masana kiɗa na lokacin ba sa ɗaukar su da daraja. An manta da wasannin, an rushe wasu gidajen wasan, amma makaɗan jaz suna ta buga waƙoƙin har yau. A wannan zangon malamarsu ta ce kowace ƙungiya ta nemo waƙar dandamali daga ƙasar ɗaya daga cikinsu, za a buga a bikin ƙarshen zango, kuma bikin ya matso.

"Malama ta ce waƙar da direban tasi zai iya yi da fito, kuma makaɗa su juya ta ta kowane gefe ba ta karye ba, wanda ya yi ta gwani ne. Ta Kawu ba ta karye ba, Iya. Mun juya ta sosai."

"Na ji kun juya ta."

Bahauddeen ya goge hannu ya yanke magana. Waƙar ta yayan Iya ce, ba za a buga ta a gaban mutane ba sai in Iya ta yarda. In ba ta yarda ba, su nemi wata.

"To Iya, ki ba mu baitukansa," in ji Khaulah. "Sai Tajuddeen ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Boleh? Za ki iya?"

Iya Mero ta gyara zama ta buɗe baki. Ta tuna wani abu game da taɓon hanyar Zariya. Ta tuna wani game da hular wani mutum. Akwai kuma inda yake ambaton mai gyaɗa, amma kafin taɓon ne ko bayansa? Ta kama wannan, wancan ya kuɓuce. Ba ta sami baiti ɗaya cikakke da za ta iya cewa ga farkonsa ga ƙarshensa ba. Ta rufe baki, ta dafa gwiwa ta tashi, ta shige ɗakinta.

Washegari ta ba yakuwa ruwa ba ta ce uffan ba. Haka ma rana ta gaba. Maƙwabciyarta ta leƙo ta tambayi Hannatu, matar Bahauddeen, ko tsohuwa ba ta da lafiya. Ranar da suka je kasuwar Masjid India neman yadin labulen falo, Hannatu tana ta ɗaga wannan tana ajiye wancan, Iya Mero ta tsaya riƙe da gefen wani yadi shuɗi ba ta ko kallon sa.

"Hannatu, ni kaɗai na rage a cikinmu 'yan amshi. Ruƙayya ta tafi, ɗayar ma ta tafi, mai kalangu tun da daɗewa. Na ɗauka yana nan ajiye a kaina. Ashe na bari ya zube ban sani ba."

"Iya, tsufa ne, kowa yana mantuwa."

"Ban manta kuɗin gishirin shekarar da aka haifi Dakta ba. Sai maganar yayana?"

A hanyar dawowa ta yanke shawara. Ba za ta yarda ba. In har ita ba ta iya riƙe muryarsa ba, to gara wurin ya zauna babu kowa da a cika shi da busar wani. Amma yaron ɗan mutane ne, ya ɓata lokacinsa, ba za ta hana shi ta bakin jika ba. Za ta je ta faɗa masa ido da ido.

Suka tafi da azahar, ita da Khaulah, a motar haya. Hadari ya haɗo a kan Setapak kamar yadda ya saba. Ɗakin gwajin yana hawa na biyu, bangonsa an lulluɓe da soso, ga sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye magani. Tajuddeen siririn yaro ne mai tabarau. Ya dafa ƙirji ya rusuna, ya kira ta Nenek, wato kaka a harshensu, ya jawo mata kujera mai hannu. Akwai wata yarinya 'yar asalin Sin, Mei Yin, tsaye rungume da wani ƙaton goge da ya fi ta tsawo, sai mai ganguna a lungu.

"Wannan ce algaitar?" Iya Mero ta nuna saksofon da haɓa. "Wa ya lanƙwasa mata wuya haka?"

Khaulah ta fassara, suka yi dariya. Tajuddeen ya roƙa a bar su su buga sau ɗaya kafin Nenek ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ɗaga hannu alamar su yi.

Fiyano ya kawo amshi. Yaron ya ɗaga abin busarsa ya shiga. Iya Mero ta ɗaure fuska tana jiran a gama. Ana cikin haka sandar mai ganguna ta suɓuce daga hannunsa, ta gangara ƙarƙashin fiyano. Ya duƙa yana lalube da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kiɗa da ƙyar. Tajuddeen ya riga ya fara saukowa, amma ya saci kallo ta gefen tabarau, ya ga abin da ake ciki, sai ya fasa. Ya sake hawa. Ya ja wata murya doguwa, ya karya ta, ya yi wata 'yar tsokana mai kama da tafiyar sanda a ƙasa, har Mei Yin ta tuntsire da dariya tana kiɗa. Idonsa na kan mai ganguna. Da ya ga ya miƙe da sanda a hannu, sai ya ɗaga gira sau ɗaya, ya gangaro ya ajiye waƙar a bakin amshi kamar mai sauke tulu.

Iya Mero ba ta san lokacin da ta matso bakin kujera ba. Ta san wannan satar kallon. Haka Maitama yake tsayawa, fuska ga jama'a, wutsiyar ido ga ɓarakar labule, yana jiran hannun mai jan igiya. Ta tuna ranar da igiyar ta tsinke aka rasa yadda za a yi. Ya waƙe mai gyaɗar bakin ƙofa, ya waƙe hular wani mutum a layin gaba da ta yi masa yawa, ya waƙe taɓon da yake manne a takalmin shugaban ƙungiya, mutane suna faɗuwa don dariya, su kuma 'yan amshi muryarsu har ta dushe. Wata Asabar kuma, da aka yi saurin gyara, baiti ɗaya kawai ya yi ya rufe.

Da suka tsaya, ta ce wa Khaulah, "Ce masa ya sake yi mini abin da ya yi yanzu. Daidai yadda ya yi."

Tajuddeen ya sosa ƙeya, ya ce tak boleh, ba zai iya ba. Ya ce shi kansa bai san me ya yi ba, ya wuce. In ya sake, wani ne zai fito.

Tsohuwar ta dube shi. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta rufe baki da gefen mayafi, dariya da hawaye suka fito tare. Khaulah ta tsorata ta taso.

"Zauna, ƙawata, lafiyata ƙalau. Ashe ban manta ba. Me zan riƙe? Bai taɓa faɗin abu ɗaya sau biyu ba. Mai gyaɗa na wata rana ne, hula ta wata rana ce. Ni kuma ina ta neman in jera su kamar kwanukan kabad."

Khaulah ta fassara musu gwargwadon iyawarta. Tajuddeen ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya tambaya ko Kawu Maitama yana da wata hanya da yake fara shiga, ko da kalmomin suna sauyawa. Iya Mero ta yi tunani, ta ce yana da ita: daga ƙasa yake farawa, kamar mai lallashin wanda yake cikin ɗaki, ba ya ɗaga murya sai ya ga ta ƙi fitowa. Ta yi masa da hanci. Ya bi ta da busa, ya kuskure, ta sake, ya kama. Ita ma ta tambaye shi yadda yake sanin inda yake in ya yi nisa haka. Ya nuna mata yatsun Mei Yin a kan manyan tsirkiyoyi, ya ce ita ce take riƙe masa hanya. Iya Mero ta saurara da kyau a karo na gaba, ta ji amshinta kwance can ƙasa cikin gogen, yana tafiya a hankali ko da babu mai faɗar sa.

"Abu ɗaya ne," ta ce wa jikarta. "Kin cika ladabi. Kina jira sai ya rufe baki kafin ki shigo. Mu ba ma jira. Kan kalmarsa ta ƙarshe muke faɗawa, mu karɓe ta tun da zafinta."

Suka gwada. Khaulah ta shigo da wuri ta take masa ƙafa, aka yi dariya. A karo na uku ta faɗo daidai, kuma a wannan karon ba fiyano kaɗai ya amsa ba. Muryar Iya Mero ta fito, ba irin ta baranda ba, ta gaban labule, mai kaifi, har mai ganguna ya ɗago kai. A waje ruwa ya kece.

"Iya," in ji Khaulah da Hausa tsantsa, hannunta a kan fiyano, "kin yarda?"

"Da sharaɗi. Kafin ku taɓa komai ranar, ki tashi tsaye ki faɗi sunansa. Maitama na Gwammaja, ma'aikacin masaƙa. Ki faɗa da ƙarfi, ba da muryar nan taki ta waya ba. Yana raye an yi ta rera ta babu wanda ya ce tasa ce."

"Zan faɗa."

"Kuma amshi ba a yin sa da baki ɗaya. Uwarki tana da murya, ɓoyewa take yi. Matar Malam Abdulgani, abokin babanki, ma na ji ta a gidan suna. Zan tara su."

"A kan dandamali, Iya? Baba zai suma."

"Ya suma. Kujerar gaba za ki kama masa, in ya farfaɗo ya ji waƙar jiran labule."

Ta tambayi inda mata suke salla, Mei Yin ta nuna mata ƙarshen baranda ta hannun dama. Khaulah ta miƙe za ta raka ta, ta mai da ita da hannu.

"Ku ɗauko daga farko. Kai mai algaita, kada ka yi sauri, matar tana fushi."

Ta gyara mayafinta, ta ɗauki jakarta, ta tura ƙofar mai nauyi da kafaɗa. Ba ta ja ta ta rufe ba, ta bar ta a buɗe ta fita.